Shawarwari kan ceto mashayun unguwa a Ingila

Mahalarta wata tattaunawa kan ceto mashayun unguwa sun danganta rufewar tsofaffin mashayu a Ingila da tsadar haya da lantarki, da arhar giya a manyan kantuna. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce mazauna unguwa su yi wa mashayarsu rajista a matsayin kadarar al'umma ƙarƙashin wata doka ta 2011, wadda ke ba su wata shida su haɗa kuɗin sayenta idan mai ita ya so sayarwa, kamar yadda mutanen Nunhead a Landan suka sayi mashayar Ivy House a 2013. Wasu sun ce a ƙara da abinci, shayi da kusurwar gidan waya, kuma ina ganin sun yi gaskiya, domin a ƙauyuka da dama nan kaɗai dattijon da ba shi da kowa a gida yake samun abokin hira.