Rubutun ginshiƙin Changu Narayan: ta yaya 386 ta koma 464?

Dalibin_Tarihi:
Assalamu alaikum malamai. Ana cewa rubutun Sarki Manadeva da ke haikalin Changu Narayan, a kwarin Katmandu na ƙasar Nepal, an sassaƙa shi a 464 miladiyya. Amma 386 ce a jikin dutsen. Daga ina sauran shekarun suka fito? Ko gwajin kabon aka yi?

Mai_Alkalami:
Wa alaikumus salam. Gwajin kabon ba ya aiki a kan dutse, sai abin da ya taɓa rayuwa, irin su itace da ƙashi. Nan lissafi ne. Dutsen cewa ya yi "samvat 386", wato shekara ta 386, bai faɗi kalandar ba, kamar ka tsinci wasiƙa an rubuta 1300 babu hijiriyya babu miladiyya. In kalandar Saka ce, wadda ta fara a 78 miladiyya, sai a tara 78 da 386: 464. Masanan farko sun saɓa. Bhagwanlal Indraji ya ɗauka kalandar Vikrama ce, ya samu 329, Fleet kuwa ya bi ta Gupta, ya kai shi 705.

Baba_Mai_Nazari:
Ɗana, ga abin da ya rushe 705. Sarki Amshuvarman ya zo ne bayan Manadeva da sarakuna da dama, kuma matafiyin nan na Sin, Xuanzang, da ya zaga Indiya wajajen 630, ya riga ya ambace shi. To ta ina Manadeva zai faɗo a ƙarni na 8? Siffar baƙaƙen ma ta dace da Brahmi, tsohon rubutun Indiya, na zamanin daular Gupta, sai dai ni ba na dogara da siffa ita kaɗai, don takan yi kuskuren shekara 100. Rubutun ya kuma ambaci watan Jyeshtha, ranar farko ta farin wata, wata yana daidai da tauraron Rohini, abin da masu lissafin taurari ke gwadawa da shi.

Mai_Alkalami:
Haka ne Baba. A kula da lambobin kuma. Babu sifili: 300 alamarta daban, 80 daban, 6 daban, kuma ɗan ƙaramin zane ne ke raba 100 da 200. Shi ya sa ake gardama kan gunkin Sarki Jayavarma da aka tono a Maligaon, cikin Katmandu, a 1992, ko shekarar da ke jikinsa 107 ce ko 207. Kada a karanta daga hoton tsakar rana. A haska fitila daga gefe, a ɗauki hoto ta kusurwa huɗu aƙalla. In za a ɗauki tambari, wato kwafin rubutun a kan takarda, a manna jiƙaƙƙiyar takarda, a buga da buroshi, a shafa tawada kafin ta gama bushewa. Tawada in ta yi yawa cike tsagin take yi, tsagewar dutse ta koma kamar harafi.