Ta wace ƙofa ake shiga aikin yarjejeniyar cinikin ƙasashe?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum. 'Yata ta gama digiri kan tattalin arziki, ta ƙallafa rai sai ta bi sawun Ngozi Okonjo-Iweala, shugabar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO. Ni kuwa ɗan kasuwar atamfa ne, iyakacina saye da sayarwa. Abin da ya ɗaure mini kai, ita Ngozin ba ta taɓa riƙe ministar ciniki ba, ministar kuɗi ta yi. To yarinyar ta nemi ma'aikatar ciniki ne, ko ta harkokin waje, ko banki? Masana a taimaka.

Tsohon Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi mata albarka. Amma ka ce mata kada ta auna kanta da Ngozi, domin ita daga sama ta sauko wa kujerar. Kusan shekara 25 ta yi a Bankin Duniya, ta riƙe ministar kuɗi sau biyu, ita ta ja ragamar tattaunawar 2005 da aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18. Duk da haka, a Oktoban 2020 gwamnatin Trump ta hau kujerar naƙi kan naɗa ta shugabar WTO, ta ce ita 'yar takarar Koriya ta Kudu, Yoo Myung-hee, take so, wadda ta yi rayuwarta a teburin yarjejeniyar ciniki. Sai da Biden ya hau, Yoo ta janye, sannan Ngozi ta kama aiki ranar 1 ga Maris 2021.

Wanda ya kamata Khadija ta duba shi ne Yonov Agah, wanda mutane da yawa ba su ma san sunansa ba. A ABU Zariya ya karanta tattalin arziki, ya shiga ma'aikatar ciniki ta tarayya, ya hau mataki-mataki har aka tura shi birnin Geneva, inda hedkwatar WTO take, jakadan Najeriya a ƙungiyar a 2005. Ya shugabanci babbar majalisar ƙungiyar a 2011, ya zama mataimakin shugaban WTO a 2013. Shi ma Najeriya ta fara tsayarwa takarar shugabancin, kafin Buhari ya janye sunansa a 2020 ya sa na Ngozi. Wannan hanya ce da ɗan talaka zai iya bi. Aikin kuwa babu ƙyale-ƙyale: jadawalin harajin kwastam layi-layi, da gardamar ko rigar da aka ɗinka a Kano da yadin Sin kayan Najeriya ce ko kayan Sin. Khadija ta ƙara da karatun shari'ar ciniki, ta koyi Faransanci.

'Yar Maraɗi:
Baba, Faransancin nan ka faɗi gaskiya. Amma ni ina da ƙorafi a kan masu wannan aiki. A nan Yamai Buhari ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ranar 7 ga Yulin 2019, muka yi ta murna. Wata ɗaya da 'yan kwanaki sai Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Mai albasa da mai dabbobi tsakanin Maraɗi da Jibiya me takardar ta tsinana musu? In Khadija za ta shiga, don Allah ta fara zuwa bakin iyaka ta ga yadda mota ke kwana da kaya.

Tsohon Ma'aikaci:
Hajiya, ba a bakin mai tattaunawa hukunci yake ba. Marigayi Chiedu Osakwe, wanda ya yi shekaru a WTO kafin ya dawo ya zama babban mai shiga wa Najeriya tattaunawar ciniki, shi ya jagoranci zaman tsara waccan yarjejeniya. Amma ranar da ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali, a Maris 2018, shugaban ƙasarsa bai je ba, saboda masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago sun tayar da jijiyar wuya. Wanda bai iya haɗiye irin wannan ba, ya nemi banki.

Abban Khadija:
Na gode ƙwarai. Zan nuna mata. Zuwa Jibiya kuwa mai sauƙi ne, akwai kawunta da ke lodi can.