An ce a cire nonon gaba ɗaya, mu nemi wani likitan ya duba?

Maman Sadiya, Jidda:
Assalamu alaikum. An gano sankarar mama a jikin yayata, ƙullutu mai santimita 2.5 a hagu. Likitan tiyata ya ce sai an cire nonon duka, ya sa rana nan da mako biyu. In muka je wurin wani likitan ba mu ɓata lokaci ba? Me za mu riƙa?

Hajiya Ummi, Makka:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Jinkirin mako ɗaya ko biyu ba shi ne abin tsoro ba, na watanni ne ke cutarwa. Ku fara tambayarsa dalili. In ciwon bai yi nisa ba, cire ƙullutun kaɗai a biyo da gashi (haska wurin da na'ura don kashe ragowar ciwon) daidai yake da cire nonon duka wajen tsawon rai. Ana cirewa duka ne idan ƙullutun ya fi ɗaya a wurare mabambanta, ko ya yi wa nonon girma, ko an taɓa gasa wannan ƙirjin, ko tana da gadon BRCA (canjin ƙwayar halitta da ke ƙara haɗarin sankarar mama).

Takardar sakamako kaɗai ba ta isa ba. Ku karɓo gilasan gwajin tsokar da dunƙulen kakin da aka adana ta a ciki, da faifan hoton mamogaram da na sikanin. Likitan da ya karanta rubutun abokinsa kawai, abin da aka faɗa zai maimaita muku.

Malam Baba, Riyad:
Hajiya ta gama magana, sai dai ku duba ER, PR da HER2 (alamomin da ake gwadawa a tsokar don sanin irin ciwon da maganin da zai ji) a takardar. In akwai HER2, ko duka ukun babu, ƙullutun kuma ya haura santimita 2, galibi da kimo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) ake farawa kafin wuƙa. Kafin nan a dasa ɗan ƙarfen alama a ciki, don ƙullutun yakan narke har a rasa inda yake.

Sai hammata. In kaluluwar ba ta nuna komai ba, ta farko da ruwan jiki daga nonon ke zuba a cikinta ake cirewa, ɗaya zuwa uku, a gwada. Kwashe su duka ne ya fi jawo kumburin hannu, kuma yana da wuyar rabuwa.

Hajiya Ummi:
Amma ku sani, in an cire ƙullutun kaɗai aka ga ciwon ya taɓo bakin yankan, sai an koma tiyata. Gashin kuma yawanci sau 15 ake zuwa cikin mako uku, ku lissafa da zirga-zirga, ku tambayi kamfanin inshora tun yanzu ko zai biya.