Neman shawara: Nuke ko Fusion, kuma wace kwamfuta ce za ta ɗauki aikin 4K?

Mai tambaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan al'amura biyu da suka sarƙe da juna. Aikina na asali tace bidiyo ne, amma ayyukan da ake kawo mini yanzu sun fi karkata ga siddabarun fim: cire koren labule daga bayan ɗan wasa, goge wayoyi da sandunan fitila da suka faɗo cikin hoto, da dasa abubuwan da aka ƙera da Blender, manhajar ƙera abubuwa masu siffar 3D, a cikin hoton da kyamara ta ɗauka ta yadda mai kallo ba zai ga inda aka haɗa ba. Ina aiki da After Effects a kan laftof mai ram gigabait 16, kuma da zarar hoton ya kai 4K, leyoyi suka yi yawa, sai na'urar ta riƙa cijewa har ba na iya kallon abin da na haɗa a tafiyarsa ta ainihi.

Tambayata ta farko ita ce ko lokaci ya yi da zan koma Nuke ko Fusion, manhajojin haɗa siddabarun fim, kuma wanne ne ya fi dacewa da mai aiki shi kaɗai. Ta biyu kuwa, ina shirin haɗa kwamfutar tebur, kuma masu wasannin kwamfuta sun ba ni shawarar in zuba fiye da rabin abin da na tanada a kan katin girafik, sauran kayan kuma in yi maneji da su. Ina so in ji ta bakin waɗanda suke wannan aiki kafin in sayi komai.

Amsa daga mai aiki da Nuke

Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da masu wasanni suka ba ka daidai ce ga wasanni, domin a can katin ne yake zana kowane hoto daga tushe. A aikinmu kuwa an riga an ɗauki hotunan, abin da na'ura take yi shi ne karanta su daga faifai, ta riƙe su a ram, ta yi lissafi a kansu, saboda haka wurin da ake samun cunkoso daban ne. Ka yi wannan lissafin da kanka, zai fi kowace shawara amfani.

Firem ɗaya, wato hoto guda daga jerin hotunan bidiyo, na 4K irin na silima yana da fiksel 4096 a faɗi da 2160 a tsaye, wato kimanin fiksel miliyan 8.8. Kowane fiksel yana ɗauke da ja da kore da shuɗi da kuma alfa, wadda take nuna wurin da hoto yake da wurin da babu komai. Nuke yana lissafinsa ne da bit 32 a kan kowanne daga cikin huɗun, wato bait 16 ga fiksel guda, don haka firem ɗaya tak yana cin kusan megabait 142. Yanki mai tsawon daƙiƙa goma a kan firem 24 a daƙiƙa yana da firem 240, wanda idan za a riƙe shi duka da wannan zurfin zai kai gigabait 34. Wannan fa hoto ɗaya ne, ba a zo ga bangon da za a saka a baya ba, ba a zo ga rabe-raben haske da inuwa da Blender zai fitar maka ba. Ka ga ashe laftof ɗinka bai yi laifi ba. Idan da a 1920 da 1080 kake aiki, wannan yanki gigabait 8 kawai zai ci, shi ya sa ba ka ji nauyin ba sai da ka hau 4K.

Don haka ni a wurina ram ne farko. Gigabait 64 shi ne inda aikin 4K yake fara yin daɗi, kuma ka zaɓi allon uwa mai gurabe huɗu wanda zai karɓi 128 nan gaba. Na biyu faifai. Fayil ɗin EXR, tsarin adana hotunan aikin siddabaru, mai bit 16 wanda ba a matse ba yana kai wa kimanin megabait 71 a firem guda na 4K, kuma kafin ka kalle shi a firem 24 a daƙiƙa dole faifai ya riƙa miƙo kusan gigabait 1.7 a kowace daƙiƙa. Tsohon faifai mai juyawa da ƙyar yake haura megabait 200, SSD mai amfani da SATA yana tsayawa a wajen 550, shi kuwa SSD irin na NVMe yana kai 3,500 a kan PCIe 3.0, ya kusanci 7,000 a kan PCIe 4.0. Ka sayi NVMe biyu, ɗaya na manhajoji, ɗaya na hotunan da kake aiki a kansu da ma'ajiyar wucin gadi, sannan babban faifai mai juyawa ya zama na adana ayyukan da aka gama. Bayan waɗannan ne za a zo maganar furosesa da kati.

Amsa daga mai aiki da DaVinci Resolve

Lissafin ɗan'uwana ba shi da gyara, amma ina jin tsoron kada mai tambaya ya fahimci cewa katin girafik ba kome ba ne. Wannan ya danganta da manhajar da zai zaɓa. DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo da gyaran launi, ya dogara ƙwarai da kati, kuma abin da ya fi muhimmanci a katin shi ne yawan ram ɗin da yake jikinsa, domin idan ya cika sai aikin ya tsaya da saƙon kuskure ko da ram ɗin kwamfutar yana nan a sake. Rage dusar hoto da sauya gudun motsi su ne suka fi cinye shi. Ga aikin 4K ba zan ba ka shawarar kati mai ƙasa da gigabait 12 ba, kuma 16 ya fi kwanciyar hankali. Kati matsakaici mai ram da yawa ya fi maka amfani a kan kati mai tsananin gudu mai gigabait 8.

Game da manhaja, ni Fusion zan ce ka fara da shi. Ba sabon shiga ba ne, asalinsa tun ƙarshen shekarun 1980 ne, ya daɗe a hannun kamfanin eyeon, Blackmagic Design ya saye shi a 2014, sannan ya shigar da shi cikin Resolve 15 a 2018. Tunda kai mai tace bidiyo ne, za ka yanka, ka haɗa siddabaru, ka gyara launi duk a wuri guda ba tare da fitar da fayil kana mayarwa ba, kuma nau'in Resolve na kyauta yana fitar da aiki har 3840 da 2160 tare da izinin yin aikin kuɗi. Sai dai idan yanki ya yi nauyi sosai, Fusion Studio mai zaman kansa ya fi sauƙi a kan na'ura, saboda ba ya raba ram da sauran sassan Resolve.

Amsa daga mai ɗaukar hoto

Kafin a ci gaba da maganar na'ura, Malam, wane irin fayil kyamararka take rubutawa? Idan gefen gashin ɗan wasa yana fitowa da tsani-tsani bayan ka cire koren, matsalar tana iya kasancewa tun daga ɗauka.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai da waɗannan bayanai. Yawancin abin da ake kawo mini H.264 ne mai bit 8 da tsarin 4:2:0, kuma lallai gefen gashi yana ba ni wahala. Ina kuma da burin wata rana in yi aiki da manyan kamfanonin siddabaru ko da daga nesa ne, shi ya sa Nuke yake raina. Sannan wasu sun ce in bar haɗa kwamfuta in sayi Mac.

Mai ɗaukar hoto

To ga tushen wahalar gashin nan. A tsarin 4:2:0 kyamara tana adana hasken kowane fiksel, amma launi ɗaya take adanawa ga kowane fiksel huɗu, kuma launin nan shi ne abin da kayan cire koren labule irin su Keylight suke dubawa su raba mutum da labule. Ƙari a kan haka bit 8 matakai 256 ne kacal a kowane launi, alhali bit 10 yana da 1,024. Babu kati ko ram da zai dawo da abin da ba a rubuta ba. Ka nemi masu ɗauka su yi amfani da 4:2:2 mai bit 10 ko abin da ya fi shi, su haska labulen daidai wa daida, su kuma nisanta ɗan wasa da shi don koren ya rage zuba a jikinsa. Abin da aka riga aka ɗauka kuwa, ka mayar da shi ProRes, tsarin bidiyo mai adana kowane firem cikakke, ko jerin hotunan EXR kafin ka fara aiki. Hakan ba zai ƙara masa inganci ba, amma zai sauƙaƙa wa na'ura, domin H.264 galibi ba ya adana kowane firem cikakke, sai na'ura ta leƙa na gaba da na baya kafin ta gina wanda ka tsaya a kansa.

Amsa daga mai aikin tallace-tallace

Ina so in kare After Effects kaɗan. Tun 1993 yake aiki, kuma a fagen rubutu mai motsi da zane-zanen talla har yanzu ba shi da na biyu, don haka kada ka goge shi. Tun daga fitowar 2021 yana iya sarrafa firem da yawa a lokaci guda, wanda ya sa furosesa mai ƙwayoyi da yawa ya fara yi masa amfani, sai dai kowane firem da yake sarrafawa yana neman nasa kason na ram, wato mun sake komawa ga maganar farko. Inda yake gazawa shi ne yanki mai sassa da yawa, inda za ka cusa haɗi a cikin haɗi har kai da kanka ka manta inda ka ɓoye wani gyara.

Game da Mac, na'urorin da suke da furosesar da Apple ya ƙera suna amfani da ram guda tsakanin furosesa da sashen girafik, kuma suna sarrafa ProRes da sauri ƙwarai. Aibinsu biyu ne a wannan aiki: ba a ƙara musu ram bayan saye, kuma ba su da CUDA, tsarin yin lissafi a kan katin girafik, wanda na katunan NVIDIA ne kaɗai, alhali kayan aiki da dama, musamman masu amfani da ƙirƙirarriyar basira, a kansa aka fara gina su. Tunda kana aiki da Blender, kwamfutar da ka haɗa da katin NVIDIA za ta fi ba ka sarari. Flame na Autodesk, wanda manyan masu kammala talla suke ji da shi, ba ya ma aiki a Windows sai Linux da macOS, amma ba na jin shi ne matakinka na gaba.

Mai aiki da Nuke

Tunda ka ambaci burin aiki da manyan kamfanoni, amsar ta canza. A can Nuke ake tambaya. An ƙirƙiro shi ne a cikin Digital Domain a farkon shekarun 1990, Foundry ya karɓe shi a 2007, kuma bayan Apple ya daina sayar da Shake a 2009 kusan duk manyan kamfanonin fim sun tattara a kansa. Amma abin da za ka koya a zahiri shi ne tunani da nod, wato kowane mataki akwati ne da aka haɗa da na gaba da layi, kana ganin hanyar da hoto ya bi daga farko har ƙarshe, kana iya raba mask guda, wato abin da yake rufe wani sashen hoto, ga wurare goma ba tare da kwafe shi ba. Wannan tunani ɗaya ne a Fusion da Nuke, sunayen akwatunan ne suka bambanta. Saboda haka ba na ganin saɓani tsakanina da ɗan'uwa mai Resolve: ka yi aikin kuɗi da Fusion, ka koyi Nuke da nau'insa na kyauta da ba na kasuwanci ba. Wannan nau'in ba ya fitar da abin da ya wuce 1920 da 1080, an kuma kulle wasu kayan cire koren labule kamar Primatte da Ultimatte, amma IBK yana nan, kuma shi ne mafi amfani a kan labulen da haskensa bai daidaita ba. Idan ayyuka suka kankama akwai Nuke Indie na masu aiki su kaɗai.

Abin da ya fi sunan manhaja muhimmanci ga abubuwan da kake ɗaukowa daga Blender shi ne ka fitar da su a EXR, tsarin da Industrial Light & Magic ya saki ga kowa a 2003, wanda yake riƙe haske da inuwa da nisan kowane abu daga kyamara a fayil guda, kuma ka haɗa su a ma'aunin haske miƙaƙƙe. Yawancin haɗin da yake fitowa da baƙin gefe ko haske mai kama da fenti daga nan yake samo asali. Ka karanta a kan ACES da OpenColorIO, tsare-tsaren sarrafa launi, tun yanzu, domin kamfanonin da kake buri da su da wannan suke magana. Idan za ka matse EXR don Nuke, ka zaɓi Zip mai layi ɗaya, saboda shi ma layi-layi yake karanta hoto.

Furosesa kuwa, mai ƙwayoyi 12 zuwa 16 masu gudu ya wadatar, bai kamata ka bi masu ƙwayoyi da yawa marasa gudu ba, domin lokacin da kake jan layin roto, wato zagaye abu da hannu don ware shi, ko bin sawun motsi, gudun ƙwaya ɗaya ne kake ji a hannunka. Kada kuma ka manta da monita da take nuna ma'aunin launin bidiyo na Rec.709 cikakke tare da na'urar daidaita launi, da allon zane mai alƙalami irin na Wacom.

Mai aiki da DaVinci Resolve

Abu ɗaya zan ƙara wanda za ka iya yi yau a laftof ɗinka. Ka buɗe yankin da ya fi ba ka wahala, ka buɗe Task Manager a gefe, ka danna kallo, ka duba wanne ne yake fara cika tsakanin ram da faifai da furosesa da ram ɗin kati. Ka maimaita gwajin a shafin Fusion na Resolve da wannan yankin bayan ka mayar da shi ProRes, sannan ka kunna aiki da rabin girman hoto, wanda yake rage yawan fiksel zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ka turo mana alƙaluman da ka gani a gwaje-gwajen biyu, daga nan za mu iya faɗa maka ko kati mai gigabait 12 zai ishe ka ko sai mai 16.