Ƙuma ta addabi magena, maganin ƙeya yana aiki kuwa?

Maman Hanan: Salamu alaikum. Magena na shayar da 'ya'ya uku, satinsu biyar, ƙuma ta cika su. In ka buɗe gashin wuyansu sai ka ga baƙin gari kamar an barbaɗa masoro. An ce in sayi Frontline, wanda ake ɗigawa a ƙeya. Wa ya taɓa gwadawa a kan mai shayarwa?

Abban Sadik: Ki yi musu wanka da fiya-fiya, an wuce wurin.

Hajiya Talatu: Kul! Guba ce. Ni ma da hannuna na kashe tawa. Ragowar maganin karen maigadi na ɗiga mata bayan la'asar, kafin isha tana karkarwa, yawu na dalala, ko tsayuwa ta kasa. Na naɗe ta a zanina muna neman likitan dabbobi, ko'ina a rufe. Da asuba ta mutu. Shekara shida muna tare, har yau in na fasa gwangwanin kifi sai na waiga.

Ummi: Allah sarki Hajiya, sannu.

Nura Samaru: Hajiya, da yawa daga na kare akwai sinadarin permethrin, hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Wanda Maman Hanan ta ambata wani sinadarin ne daban, fipronil. Uwar za a iya ɗiga mata, a buɗe gashi ya taɓa fata, kar ruwa ya taɓa ta kwana 2. 'Ya'yan sai sun kai sati 8, yanzu mataji da ruwan sabulu. Ƙwan ƙumar yana cikin darduma da tabarma, shi ya sa ake maimaitawa duk wata har wata 3.

Abban Sadik: Kai da ba ka gama karatun ba? Shekara ashirin ina kiwo.

Nura Samaru: Kiwon awaki, Alhaji.

Ummi: Ni dubu takwas na sayi ɗigo ɗaya a Kano.

Bash: Dubu uku a Kaduna.

Ummi: To, ruwan famfo aka sayar maka.

Bash: Dubu takwas kan mage? Ni da sauro ke ci kullum wa ya ɗiga min?

Hajiya Talatu: Banza ne ma in maƙwabcinka na sakin dabbobi. Karnukan layinmu a ƙofar zaurena suke kwana. Sau biyu ina kai ƙara wurin mai unguwa.

Bash: Namu kaji ne, har kan gado.

Maman Hanan: To uwar dai, in ɗiga ko in jira?