In faɗa wa likita maganar burkutun ko in yi shiru?

Uwar Biyu: Salam 'yan uwa dan Allah ku ban shawara. Ɗan ƙanin maigidana ne nake riƙo, shekararsa 6 amma in kin gan shi kamar ɗan 4, ga mantuwa, a aike shi siyo gishiri ya dawo yana tambaya me aka ce, a aji kuma ba ya zama. Marigayiya mamansa tana dafa burkutu kuma tana sha har da cikinsa, da idona na gani. Litinin za mu ga likitan yara, maigida ya ce kar in kuskura in tona asirin mamaciya.

Goggo: A yi masa rubutu da zuma, ƙiriniya ce kawai.

Maman Walad: Hmm ni asibiti sun ishe ni wlh. Shekara biyu ina yawo da nawa, wannan ya ce aljanu wancan ya ce tarbiyya ce babu, hoton ƙwaƙwalwa kaɗai dubu 80 na biya na sayar da ɗan kunnena, ƙarshe aka ce hoton bai nuna komai ba, na fito ina kuka a bakin get.

Yar Jos: Dubu 80 kuma? Mu 35 muka biya.

Anti Nas: Yar uwa ki faɗa, ko bayan yaron ya fita daga ɗakin. Babu gwajin jini da ke nuna illar da giyar da uwa ta sha tana da ciki ta yi wa yaro. Auna tsayi da zagayen kai ake yi, a duba ko leɓen sama siriri ne, ko ɗan kwarin nan tsakanin hanci da leɓe ya shafe, ko tsagar ido gajera ce. Kuma yara da yawa fuskarsu ras, to in ba labarin uwa da me likita zai kama? Ba ya warkewa amma in an gane da wuri ana sauya yadda ake koya masa.

Goggo: Ke nas ce ko likita? Yara tara na raina.

Baban Ummi: In mantuwar aike ce to a haɗa da ni a kai asibitin, uwargida ta shaida 😂

Uwar Biyu: To maigidan fa, ya zan yi da shi?

Maman Walad: Ni malaman makaranta ne ma suka fi ƙona min rai, yaro bai gane ba sai bulala, jiya da shatar dorina a bayansa ya dawo, ga kuɗin makaranta sun ƙara wannan zangon.

Yar Jos: Naku ma sun ƙara? Nawa suka mayar?