Neman kalmar Hausa: da wane suna za mu kira eugenics?

Malamai da masu aikin fassara, ina roƙon mu daidaita a kan kalmar eugenics, wadda wasunmu suke rubutawa yujeniks su wuce abinsu. Aron sautin bai sanar da mai karatu komai ba, fassarorin da suka fi saurin zuwa baki kuwa, wato "inganta iri" da "kyautata zuri'a", illarsu ta fi ta rashin fassarar.

Francis Galton, mutumin Ingila kuma ɗan'uwan Charles Darwin, shi ne ya ƙago kalmar a 1883 daga Girkanci, inda tushenta yake nufin wanda aka haifa da kyakkyawan asali. Abin da yake so shi ne a ƙarfafa wa waɗanda ake ganin jininsu nagari ne su yawaita haihuwa, a kuma rage ta sauran jama'a. Ke nan tun ranar suna aka yi wa kalmar kwalliya, kuma duk wanda ya ce "inganta iri" ya kwaso kwalliyar ce ya shafa wa Hausa. Manomi yana inganta iri, makiyayi ma haka, babu mai ganin laifinsu, saboda haka mai sauraro zai ɗauka aikin alheri ake nufi.

Ga abin da aka aikata da wannan suna. Jihar Indiyana ta Amurka ta kafa dokar hana mutane haihuwa da ƙarfin hukuma a 1907, wasu jihohi suka bi sahu, har aka yi wa fiye da mutum 60,000 wannan aiki. A 1927 shari'ar Carrie Buck ta kai Kotun Ƙolin ƙasar. Yarinya ce daga jihar Bajiniya wadda wani dangin masu riƙonta ya yi wa fyaɗe, ta yi ciki, aka kai ta gidan da ake tsare masu raunin hankali. Alƙalai takwas cikin tara suka amince a juya mata mahaifa, Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta cewa dolaye kaka da uwa da jika sun isa haka. Jikar da yake nufi, Vivian, 'yar da Carrie ta haifa, tana jaririya aka dube ta aka ce ba ta cika daidai ba, alhali da ta shiga makaranta sunanta ya fito cikin jerin ɗalibai masu ƙwazo kafin ta rasu tana da shekara takwas. Jamus ta Hitila ta yi tata dokar a 1933, ta hana kimanin mutum 400,000 haihuwa, daga nan aka zarce zuwa kashe naƙasassu. Dokar Japan kuwa ta 1948 ba a soke ta ba sai a 1996, kuma sai a 2024 Kotun Ƙoli ta ce ta saɓa wa tsarin mulki.

"Tsarkake jinsi" ma ban yarda da ita ba, domin wanda ya ce tsarkakewa ya riga ya kira wasu bayin Allah najasa, ga shi kuma "jinsi" a yau ya fi karkata ga bambancin mace da namiji.

Shawarata ita ce mu ce aƙidar tace zuri'a. Na ce aƙida saboda ra'ayi ne da ya sa rigar kimiyya: talauci da aikata laifi da abin da suka kira lalaci duk an jingina su ga gado ba tare da hujja ba. Na ce tacewa saboda duk mai jin Hausa ya san mai tacewa yana ajiye wani abu ya zubar da wani, kuma nan take zai tambaya wa aka zubar, wa kuma ya riƙe matacin. Na yi tunanin "tankaɗe zuri'a", sai dai tankaɗe da rairaya ya zama yabo ga hukumar da ta kori baragurbi, ba na son wannan yabo ya biyo kalmar.

Dole ne kuma mu raba ta da binciken da likitoci suke yi a jini ko a ɗan tayi, wanda nake ganin ya dace a kira gwajin ƙwayoyin gado, tunda "ƙwayoyin halitta" tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Mace da namiji masu AS, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini ba tare da cutar ba, da aka shaida wa cewa kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da amosanin jini, an ba su ilimi ne su yanke shawara da kansu. Idan muka haɗa abubuwan biyu a suna guda, ko dai mu tsorata mutane daga gwaji mai amfani, ko mu wanke aƙidar. Amma iyakar siririya ce ƙwarai. A shekarun 1970 wasu jihohin Amurka sun tilasta gwajin amosanin jini, akasari a kan baƙaƙen fata, sai masu AS, waɗanda lafiyarsu ƙalau, suka riƙa rasa aiki da inshora. Da zarar sakamakon ya bar hannun mai shi ya koma hannun mai ɗaukar aiki ko hukuma, ko aka fara yi wa uwar da ta haifi ɗa mai naƙasa kallon wadda ta yi sakaci, gwajin ya soma aikin mataci.

Saura kalma ɗaya da nake neman taimakonku a kanta. "Juya mahaifa" ta mata ce kaɗai, alhali an yi wa maza ma aikin, "dandaƙa" kuwa ta dabbobi ce, ba zan ɗora ta a kan mutanen da aka riga aka wulaƙanta ba. A yanzu ina rubuta "hana haihuwa ta tilas", wanda yake da wadda ta fi ta ya kawo mana.